Rasuwar Bokitin Jirgin Malam Tanko

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, iyalan Malam Tanko masunci na Likoro ke sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Kudan da Hunkuyi da Makarfi, har zuwa Janfalan, rasuwar amininsa kuma abokin sirrinsa, wato tsohon bokitin ƙarfen nan mai murfi da ke zama a gindin kwale-kwalensa. Rai ya yi halinsa ranar Talatar da ta wuce da hantsi, a tsakiyar dam, yana bakin aiki.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, ya kamata a yi bayani, ko da yake aikinsa ba irin wanda ake faɗa a gaban tuwo ba ne. Malam Tanko shi ne mutumin da ya ɗinke buhunan taki ya kafa su jikin gora a jirginsa, iska na tura shi yana harɗe kamar mai unguwa, sauran masunta na haƙilo da filafili. Wannan ɗinkin shi jama'a ke kira tutar Tanko. Da tutar yake kaiwa can tsakiya inda manyan tarwaɗa ke kwana. Sai dai tun wani taifot da ya kwantar da shi, cikinsa ya daina yin sallama. In ya taso, ya taso ke nan, kuma daga tsakiyar dam zuwa gaɓa tafiya ce da ciki ba ya jira. Ruwan kuwa shi gari ke sha, shi ake ba tumatir, malamai sun hana a ɓata shi, sarkin ruwa ma ya hana. A nan ne marigayin ya shigo.

Ya fara rayuwa da ɗibar ruwan rijiya kamar kowane bokiti mai asali, kafin ƙaddara ta yi masa canjin wurin aiki. Bai yi ƙorafi ba. Ya karɓi abin da aka ba shi, safe da rana, ya rufe bakinsa da murfi, halin da mutane da yawa a majalisar bakin kasuwa har yau ba su koya ba. Ba a taɓa jin ya kai ƙarar kowa ba, alhali ya san abin da Malam Tanko ya ci a kowane biki. Maganarsa duka biyu ce: "ƙiii" in an ɗaga mariƙinsa, "ƙwal" in an mayar da murfi. Masunta sun san tsarin. Da zarar sun hango tuta ta sauko daga gora ta zama labule, kowa sai ya juya jirginsa ya shiga duba komarsa da gaske, ko da babu ko ɗan karfasa a ciki. In an ji "ƙwal" ta biyo iska, to an tashi daga taro.

Marigayin ya daɗe yana fama da tsatsa. Gindinsa ya sha faci, wani da kwalta, wani da narkakken silifas, har ya zama ba a san inda ƙarfe ya ƙare faci ya fara ba. Amma duk wanda ya san shi ya san tsatsar ce ke riƙe da shi. Lantana, matar Malam Tanko, ta san haka, shi ya sa iyakarta ta watsa masa toka daga nesa ta bar shi a bayan rumbu.

Ajalinsa ya zo ne ta hannun mai ƙauna. Hamisu, ɗan Malam Tanko, ya auro Murja daga Makarfi, yarinya mai tsafta wadda ko tsintsiya sai ta wanke. Ba ta san ruwa ba, ba ta san tuta ba, an ce rashin sani ya fi dare duhu. Ta ga bokitin surukinta a kife ya yi baƙi ƙirin, ta ɗauka na zuba kifi ne, ta ce a ranta ai abin kunya ne da ita a gida kayan sana'ar Baba su zauna haka. Ta ɗauko soson ƙarfe da toka da ruwan zafi, ta zauna a tsakar gida.

Malam Tanko yana zaure yana gyaran ƙugiya ya ji "ƙiii". Ya leƙo, ya ga abin da ke faruwa. A nan ne duk mai imani zai tausaya masa. In ya ce ta bari, za ta tambayi dalili ko da da ido ne. In ya faɗi dalili, ya ambaci abin da suruki ba ya ambata a gaban matar ɗansa, mutumin da ko sunanta ba ya kira. Lantana kuwa ta tafi barka. Haka ya tsaya bayan asabari yana kallo ana kankare amininsa faci bayan faci, ya yi gyaran murya har maƙogwaronsa ya yi zafi, ita kuwa ta ɗauka yabo ne, ta ƙara ƙaimi. Da ta gama, ta kawo shi ƙofar zaure yana ƙyalli, ta durƙusa. Abin da ya iya cewa shi ne, "Allah Ya yi albarka." Garin neman gira aka rasa ido.

Washegari marigayin ya fita aiki fes da shi kamar ango. Tuta ta sauka a kan lokaci, masunta suka juya. Sai dai maimakon "ƙwal", abin da iska ta kawo shi ne "ɓurum". Gindin ya rabu da gangar jiki. Ba za a yi dogon bayani ba saboda masu karatu a kan abinci. Ya isa a ce Malam Tanko bai bar ko ɗigo ya taɓa dam ba, jirginsa ne ya ɗauki asarar, shi kuma ya tuƙo zuwa gaɓa a tsaye, bai amsa gaisuwar kowa ba.

Marigayin ya rasu ya bar murfi ɗaya cikin ƙoshin lafiya, da mariƙi, da buta abokiyar tafiyarsa wadda har yanzu ba ta dawo hayyacinta ba. Ya kuma bar dattijo a gaɓa. Wannan shi ne babban rashin, kuma ba abin dariya ba ne. 'Ya'yan Malam Tanko sun daɗe suna so ya bar ruwa ya zauna a zaure, ga shi sun samu hujja. Shi kuwa tun yana yaro bai san wata safiya ba sai ta kan ruwa. Daga ranar Talatar ya koma zama a bakin dam yana kallon tutarsa a naɗe, tuwo ma sai Lantana ta yi da gaske.

An yi zaman neman magaji, kuma kowa ya nuna basirarsa. Zayyad, ƙanin Hamisu da ke karatu a Zariya, ya nuna hoton wani masai na Turawa a waya, mai kujera da tanki da maganin da ake zubawa, ya ce shi masu jiragen shaƙatawa ke sawa. Malam Tanko ya duba faɗinsa ya tambaya, in an sa wannan, shi da kifin wa zai biyo a ƙafa. Hamisu ya ce leda, kamar bai taɓa ganin abin da iskar dam ke yi da leda ba. Barnaba maƙwabci ya kawo yankakkiyar jarka da zuciya ɗaya, ba murfi, bakinta kamar zarto. Wani mai hikima ya ce a huda jirgin kawai, an gode masa an ba shi hanya. Da aka kai ga ambaton fo na yara, Malam Tanko ya ɗauki hularsa. Hamisu ya bi shi da cewa, "Baba, ka huta mana haka nan, ruwan nan ba gudu zai yi ba." Bai juyo ba.

A ranar ce Lantana ta ja Murja ɗaki ta faɗa mata ko wane ne ta wanke. An ce yarinyar ta daɗe tana kallon hannuwanta. Ba ta fito tsakar gida ba sai da ta tabbata surukinta ya fita. Da safe Malam Tanko ya ɗaga asabarin zaure ya tarar da bokiti a ajiye, sabo dal, fari mai furanni ja, da murfinsa. Kowa a gidan ya san shi: shi ne na saman jeren kayan ɗakin Murja, wanda uwarta ta saya mata, wanda ko ruwa ba a taɓa zuba masa ba. Babu bakin da za a yi wannan godiya da shi. Ya ɗaga murfin ya mayar. Murfin ya ce "ƙwal".

Za a yi jana'izar marigayin ranar Asabar bayan la'asar a bayan rumbu, inda Lantana za ta cika shi da ƙasa ta dasa lalle, tunda an yi shawara an ga ba wanda zai ci barkonon da ya fito daga nan. Ba a buƙatar wanka, an riga an yi masa wanda ya ishe shi. Mata za su karɓi gaisuwa a cikin gida, kuma ana roƙon kada kowa ya yaba wa Murja tsafta.

Masu zuwa ta'aziyya kada su zo da safe, don ba za su sami mai makokin ba. Yana tsakiyar dam da bokitin amarya a gindin jirgi. Wanda ya matsu ya je gaɓa ya ɗaga masa hannu, amma in ya ga tuta ta sauka, ya kau da kai.

Sanarwa daga Mamuda mai rake, taubashin mai makoki, a madadin iyalai.