Ranar da Gwani Ya Haramta "A'a"

"Ni yanzu na wuce shiri," in ji shugaban sashen talla na kamfaninmu na kujeru. "Shiri na masu ƙaramar ƙwaƙwalwa ne."

Gwani muke ce masa. Shi ya raɗa wa kansa, mu kuma ba mu son rigima.

Wani kwas ya je, inda 'yan wasan kwaikwayo suka koya masa ƙirƙira nan take. Ya dawo da hula mai tambari da doka guda: duk abin da aka ce maka, ka ce "Eh", ka ɗora naka a kai. Ya haramta "a'a" a ofis. Kullum da safe sai ya tsayar da mu a da'ira muna jefa wa juna ƙwallon da babu ita. Akanta, dattijo mai ciwon gwiwa, ya cafe tasa, ya sa a aljihu, ya koma ya zauna.

Ana haka Hajiya mai kamfani ta zo. Ciniki ya ja baya, kowa ya san kujerar wani tana rawa.

"Ina sabon tsarin tallan?"

Gwani ya ƙwanƙwasa goshinsa. "Yana nan ciki, ranki ya daɗe. Jefo kowace magana ki sha kallo. Ni bakina ya manta da a'a."

Hajiya ta gyara tabarau. "An ce kujerunmu sun yi tsada."

"Eh! Kuma tsada ado ce!"

"An ce ƙafafunsu suna karyewa."

"Eh! Kuma har majinginar tana ɓallewa!"

Ɗakin ya ɗan yi sanyi.

"Au, ka sani, ka yi shiru?"

Gwani ya dube mu, muka dubi fanka. "Eh... kuma tun bara."

"Ashe sashen nan zai iya tafiya ba kai."

Bakinsa ya buɗe, "a'a" ta leƙo. Akanta ya yi gyaran murya cikin ladabi: "Yallaɓai, doka."

"Eh," in ji Gwani, da muryar ɗan tsako.

"Kuma?"

Ƙirƙira ta ƙafe. Gumi kaɗai ke zuwa nan take.

"Bari in taya ka," in ji Hajiya. "Kuma ka bar makullin mota wurin maigadi."

Ta ɗauki jakarta, ta juyo gare mu. "Kwas ɗin nan yana da amfani fa. Tun da nake sallamar mutane, yau ne wani ya taya ni."