Yadda Za Ka Auna Gona Mai Lanƙwasa Ka Fi Yayarka Samu

Mahaifinku ya bar muku gona, kai da yayarka, kun yarda a raba biyu daidai. Gefe ɗaya titi ne miƙaƙƙe, ɗaya gefen rafi ne mai karkacewa yadda ya ga dama. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka fi ta samu, kuma da bakinta za ta yi maka sannu da aiki.

1. Karɓe igiyar awo

Kai ne ka yi karatun lissafi, kada ka bari a manta. Ka ce, "Yaya, gona mai lanƙwasa ba a sanin girmanta daidai, sai dai ƙiyasi." Wannan gaskiya ce, kuma ita kaɗai za ka faɗa ranar, don haka ɗaga murya.

2. Yanyanka gonar

Kafa turaku a bakin rafi, ka ja layi daga kowanne zuwa titi. Kowane yanki, auna tsawon gefensa biyu, haɗa su, raba biyu, ninka da faɗinsa. Tsakanin turke da turke kuwa, ka ɗauka bakin rafin miƙaƙƙe ne. Duk ƙasar da ta wuce wannan layin, lissafi bai gan ta ba.

3. Zaɓi ɓangaren da ya yi tumbi

Inda gonar ta kumburo ta shiga rafi, nan ne naka. Yanka shi gida biyu kacal, manya-manya. Tumbin zai ɓace a takarda, amma yana nan a ƙasa yana jiran masararka.

4. Nuna ƙwazo a nata

Yanka ashirin, sirara. Ko inda kaza za ta tsaya ya shiga lissafi. Yi gumi sosai, a gani.

5. Kawu

Shi ne shaida, kuma zai tambaya: "Kai, ya nata ashirin, naka biyu?" Sunkuyar da kai ka ce, "Kawu, ita ce babba, dole a fi kula da nata." Zai sa maka albarka. Karɓa, kyauta ce.

6. Yi shiru

Takarda za ta nuna naka ya gaza. Kada ka ce uffan, ajiyar zuciya kawai. Ita za ta ce, "Haba ƙanena, a matsar da iyaka, ba zan ci haƙƙinka ba." A nan kada ka kalli fuskarta, da yawa a wannan matakin suke faɗuwa.

Gargaɗi

Ƙiyasi yana matsowa kusa da gaskiya duk lokacin da aka ƙara yanka. Idan 'yarta ta shiga jami'a, ta dawo hutu ta sake auna naka gida ɗari, babu ruwana, ban san ka ba. Ni da na yi haka, ƙarin taku arba'in na samu, ƙasa mai kyau. Shekara huɗu ke nan yayata ba ta tako gidana ba, kuma wallahi ina kewarta. Ko a wajen biki muka haɗu, sai ta gaishe ni da "malam".