Ranar da Lauyan Yelwa Ya Durƙusa

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, shekara biyu ko uku bayan Jalingo ta zama babban birnin jiha. Motoci sun cika mana gari, hanyoyin kuwa suna nan yadda muka gaje su, ga ƙunci ga ramuka, babu inda mai ƙafa ko mai keke zai raɓa. Ni ƙaramin akawu ne a wata ma'aikata, amma a unguwarmu Yelwa "Lauya" ake kira na. (Iyakar karatuna na shari'a wani tsohon littafin dokokin hanya ne da na saya a tasha, ko bango babu.) Kullum da yamma ina kan benci wajen mai shayi ina zuba: "In mota ta buge ka, kada ka yarda a sasanta a bakin titi! A kira 'yan sanda su auna wurin, likita ya ba da takarda, inshora ta biya. Doka ba ta san babba ba!"

Wanda ya fi kowa gaskata ni shi ne maƙwabcina Baba Yohanna, dattijo ɗan Mumuye, mai saro doya a ƙauyukan hanyar Lau ya ɗauro ta a keke zuwa kasuwa. Da keken nan yake ciyar da gidansa.

Ran nan da safe ina gugar riga sai ga matarsa, Maman Rifkatu, ko takalmi babu. "Lauya, mota ya buge Baba! Ƙafa ya karye!"

Na same shi a asibiti, cinya ta kumbura suntum. Ya ce a gefen hanya yake, direban ya kauce wa rami ya kwashe shi. Direban ne ya kawo shi, ya ce mai motar zai zo da azahar. Baba ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, ni ban yi boko ba. Kai ne bakina."

Ai kuwa sai kaina ya fashe. Na tsaya tsakiyar ɗakin majinyata na bugi ƙirji: "Ko ɗan gidan uban wane ne, sai ya ga kotu!" Wani da ake yi wa ƙarin ruwa har ya ɗago kai ya ce Allah ya ƙaro irina. Na koma gida na sa kwat (ta aro ce, hannun ya fi nawa tsawo), na dawo na zauna jiran mai mota.

Azahar na yi mai mota ya shigo. Daraktan ma'aikatarmu.

Wallahi ban san lokacin da gwiwoyina suka taɓa siminti ba. Wata takwas ke nan takardar tabbatar da ni a aiki tana kan teburin mutumin nan, ga matata da tsohon ciki.

"Ranka ya daɗe, barka da rana."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kai ba a ɗakin fayil kake ba? Me kake yi nan a lokacin aiki?"

"Dubiya na zo, ranka ya daɗe."

Maman Rifkatu, baiwar Allah, ta nuna ni da alfahari: "Shi ne lauyanmu!"

Darakta ya yi murmushi. "Madalla, ashe ɗan gida ne. To Lauya, me doka ta ce?"

Kowa ya zuba mini ido. Na buɗe baki, na ji muryata tana cewa, "Ai ranka ya daɗe, masu keken nan ma ba su cika lura ba. Allah dai ya sa motar ba ta samu lahani ba."

Na tambayi lafiyar mota, jama'a, a gaban mutumin da ƙashin cinyarsa ya rabu biyu. Mai ƙarin ruwa ya juya fuskarsa bango. Maman Rifkatu ta riƙe haɓa.

Direba ya zaro wata takarda da aka buga da tafireta, wai iyali sun yafe, tsautsayi ne, ba za a kai ƙara ba. Darakta ya ajiye ambulan a kan filo. Ni na karanta takardar, ni na fassara. Baba ya ce, "Ɗana, in dangwala?" Na gyaɗa kai ina kallon ƙasa. Ya dangwala, na sa hannu a matsayin shaida.

Abin da ke cikin ambulan bai kai su mako biyu a asibiti ba. Aka kwashe shi zuwa wajen mai ɗori a ƙauye. Ƙafar ta haɗe a karkace, ta gajarce, bai sake hawa keke ba. Rifkatu, 'yarsa da ke aji huɗu a sakandare, ta bar makaranta ta koma suyar ƙosai tare da uwarta.

Da abin ya hana ni sukuni, na lallaɓa wajen wani lauya na gaske. Ya tambayi zanen 'yan sanda, babu. Takardar likita, babu. Ya duba kwafin yafiyar ya ce, "Wane sakaran ne ya sa hannu a shaida?"

"Ni ne."

Ya miƙo mini takardata ya ce Allah ya kyauta.

Darakta kuwa aka sauya masa wurin aiki bai taɓa fayil ɗina ba, daga baya ma aka ce fayil ɗin ya ɓata. Na sayar da Baba, ko ladan dillanci ban samu ba. Abin da ya fi ci mini rai, bai taɓa yi mini gori ba. In na zo wucewa yana zaune a ƙofar gida da sandarsa sai ya riga ni gaisuwa, har ya tambayi lafiyar jariri. Shekara na zagayowa na tashi daga unguwar, na ce wa mutane gidan ne ke yoyo.

Darasin da na samu ba na alfahari ba ne, amma ga shi kyauta: kafin ka rantse wa wanda aka buge cewa kai ne bakinsa, fara tambaya motar ta wace ce.