Yadda Perzidan Ya Je Yamai

Duk faɗin ƙasar Magarya, daga Bande har Yekuwa, ba a taɓa yin matashi irin Alkasim ba. Sauran matasa suna yin ƙuruciyarsu su gama, su bar wa na baya. Shi kuwa ya riƙe tasa gam har furfura ta cim masa a ciki, ya sa wanzami ya aske ta, ya ci gaba da ƙuruciyarsa. Shi ne Perzidan na ƙungiyar matasa masu aikin sa kai ta Bande, kuma ba wanda ya tuna ranar da aka zaɓe shi. Har jikansa na fari ya shiga ƙungiyar ya tarar da shi a kan kujera.

Kowane shugaba da baiwarsa. Tasa ita ce gane inuwa. Ko yasar rijiya za a yi, ko dashen itatuwa, ko sharar kasuwa, kafin kowa ya ajiye kayan aiki Perzidan ya riga ya gano itacen da rana ba za ta ci ba har azahar. Nan za a kafa masa kujerarsa da ya ɗauro a bayan moto. Daga nan yake jan ragamar al'umma da murya mai daɗi: "Mu tashi, matasa! Mu tashi!" Shi ya sa yara suka sa masa suna Perzidan Mu-Tashi. Da labarin ya kai kunnensa ya ji daɗi ƙwarai, ya ce ai duk manyan 'yan gwagwarmaya suna da laƙabi.

Aikin dai yana yiwuwa, kuma dalilinsa wani ɗan lise ne, wato ɗan sakandare, mai suna Ɗayyabu, wanda ke karatu a Magarya yana dawowa gida hutu. Ɗayyabu gwanin rawar takai ne, rawar nan ta sanduna da samari ke yi a da'ira. Shi ya lura cewa in ka kira samari aiki mutum uku za ka gani, amma in Lado makaɗi ya buga ganga sai gari ya fashe. Sai ya riƙa fara tara su da rawa, in jiki ya yi zafi ya ce, "To, tunda mun haɗu, mu leƙa rijiyar can mana." A da burinsa ya zama duwan, wato ɗan kwastan, kamar kowane yaron da ya tashi kusa da iyaka. Yanzu kuwa ya kafe a kan malamin gona zai zama, don ya ga abin da mutane ke iya yi wa ƙasa in an san yadda za a tara su. Perzidan yakan nuna shi da baki ya ce, "Wannan yaron ni na gina shi tun daga tushe."

Ana cikin damina labari ya zo. Wata Madam Habsatou, ma'aikaciyar wani proje na raya karkara a Damagaram, za ta zo ta ga aikin ƙungiyar da idonta, ta ɗauki mutum guda ya wakilci matasan yankin a babban taro a Yamai. Mutum guda! Perzidan bai ga abin tambaya a nan ba. Ya kai shadda wurin tela. Ya fara sallama da mutane. Har saƙonni ya soma karɓa zuwa ga 'yan'uwan mutane da ke Yamai, wannan ƙullin kuka, wancan kwalbar man gyaɗa, yana cewa, "Ba komai, ai hidimar jama'a muka sa gaba."

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a wuya. Ɗayyabu yana da take a gangar Lado: da ya shigo fili ganga za ta kira shi, 'yan mata su yi guɗa. Yaya za a yi baƙuwa ta ji an kira yaro ba a kira uban tafiya ba? Sai ya tafi gidan Lado da goro, ya ce a ba shi take, kuma wanda ya fi kowane girma.

Lado ya sosa ƙeya ya ce, "Ranka ya daɗe, babba dai shi ne na marigayi Sarkin Noma. Tun rasuwarsa ba wanda ya yarda ya ɗauka. Yana da nauyi fa."

"Nauyin nake nema," in ji Perzidan.

Kowane yaro a Bande ya san nauyin da ake nufi. Mai wannan taken shi ke buɗe gayya. In an buga masa, zai shiga ya yi rawa da hauya, ya cilla ta sama ya cafe, sannan ya nome kunyar farko shi kaɗai, ganga ba za ta yi shiru ba sai ya kai ƙarshen gona. Perzidan ma ya sha halartar gayya, sai dai lokacin da ake wannan yakan kasance yana duba inuwa.

Ranar ta zo. Gonar tsohuwa Fadi aka zaɓa, wadda 'ya'yanta duk suka tafi ci-rani suka bar ta da ciyawa. Samari suka yi takai a bakin gona, sanduna na ƙara, Madam Habsatou tana tafi tana ɗauka da wayarta. Sai Perzidan ya miƙe cikin sabuwar shadda, da hula da tabarau, ya yi gyaran murya.

"Madam, barka da zuwa. Abin da kika gani sakamakon mobilizasiyon ne. Ni mutum ne na fili, ba na zaman biro ba. Wannan rawa ni na koya musu. Wannan noma ni na koya musu. Ni ba na cewa ku je ku yi, cewa nake mu je mu yi! In na ga hauya, Madam, jikina har rawa yake."

Ya ɗaga wa Lado hannu. Lado ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce bismilla, ya saki taken Sarkin Noma.

Tsofaffi suka zabura, don sun daɗe ba su ji shi ba. Fili ya dare. Perzidan ya tsaya yana murmushi yana ɗaga hannu hagu da dama, yana jiran ganga ta gama yabonsa. Ganga ba ta gama ba. Sai ga tsohuwa Fadi da kanta ta taho, ta durƙusa, ta miƙa masa hauyar mijinta, tana hawaye tana sa masa albarka. A nan ne ya fahimta. Ya dubi gonar, tsawonta ya kai inda ido ke gajiya. Ya dubi Madam, ta ɗaga waya tana jira.

Gaskiya a faɗe ta, Perzidan bai gudu ba, don ba hanya. Ya taka rawa irin wadda ba a taɓa gani ba, ƙafa na gabas riga na yamma. Ya cilla hauya sama, jama'a suka watse, ta faɗo nesa da shi, wani yaro ya ɗauko masa. Ya sunkuya ya kai sara, ya sare gero ya bar ciyawa. Ya sake sunkuyawa. Daga wannan sunkuyon ne bai ƙara miƙewa ba. Baya ya riƙe, hula ta faɗi, tabarau ya bi ta, ga ƙeya fara fat da sabon tsiron furfura. Lado kuwa yana ta bugu, don al'ada ba ta ba shi izinin tsayawa ba.

"Mu tashi, Perzidan!" in ji wani shaƙiyyi daga baya.

Ɗayyabu ne ya ji tausayi ya kama shi. Ya ruga ya ce, "Baba, kama wuyana," ya goya shi ya kai shi gindin gawo, ya dawo ya ɗauki hauyar ya ƙarasa kunyar, samari suka rufa masa baya. Kafin azahar gonar ta yi fes. Madam ta zauna da yaron ta tambaye shi abin da yake son zama, ya gaya mata, ya kuma gaya mata dalili. Ba ta tambayi kowa komai ba bayan wannan, sunansa ta rubuta.

A amalanke aka mai da Perzidan gida. Ya yi kwanaki a kwance, masu kuka da man gyaɗa suna zuwa dubiya suna tafiya da kayansu. Ga duk wanda ya zo yana bayani cewa shi ya janye da kansa, don a ƙarfafa wa na baya.

Amma Allah ba ya tozarta mai hidima. Perzidan ya je Yamai. Ɗayyabu ne ya turo hoton zauren taron, ya zaga wayoyin Bande kaf kafin la'asar. A bangon zauren an rataya wani ƙaton ƙyalle, ga Perzidan a kai ya fi ƙofa tsawo, baki buɗe, ba hula, a goye a bayan yaro. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe, da Faransanci da Hausa don kowa ya karanta: Matasa masu aikin sa kai suna tallafa wa tsofaffi marasa ƙarfi.