Gumbar Inde Ta Yi Nisa

"Lale lale da mijina! Mijin da yat tahi neman kuɗi yad dawo da ciki. Wata nawa ne? Ko tagwaye za ka haiho mini?"

Haka kakarmu Inde ta tarbi ƙanena Ɗan Azumi, tun bai gama kwance kaya daga bayan kabu-kabu ba. Ni Zulai ina gindin murhu ina gyaran zogale, ni ce ke yi wa Inde girki tun da aure ya ajiye ni a gidan da ke jikin nata, nan Madarumfa. Sai na kasa kunne ina jiran amsa, don gaisuwar waɗannan mutane biyu ba ta taɓa canzawa ba tun yana yawo ba wando. Shi zai ce, "Tsohuwa, har yanzu ba ki mutu ba? Yaushe za mu sha gumba?" Ita kuma ta ce sai ta ci tasa. A wajenmu idan tsoho ya rasu, gumbar sadakarsa rabon jikoki ce, har wawaso suke yi a kanta, shi ya sa jika ke da bakin tambaya tun mai ita na da rai.

Ranar nan Ɗan Azumi bai tambayi gumba ba, ya tsaya yana ƙare mata kallo.

Shekara biyu ya yi a Kano yana haya da babur. Lokacin da ya tafi, Inde sai ta karkace take shiga ƙofar ɗakinta saboda ƙiba. Gwiwoyi sun ƙi, hawan jini ya sa ta gaba, shekara uku goshinta bai taɓa ƙasa ba, a zaune take salla. Shi ne ma ya sayo mata shuɗiyar kujerar roba da take yi a kai. To sai wani mutumin Gabi mai dogon baki ya haɗu da shi a can ya ce masa, "Ka je ka ga tsohuwarka, ta zube." Mu kuwa a nan, mutum ba ya ramewa sai don ciwo ko don an bar shi da yunwa. Ko tambaya bai yi ba, ya shiga kasuwa ya yi lodi ya taho.

"Inde," ya ce daga ƙarshe, "ina sauranki?"

"Wane saura?"

"Na bar mata cike da ɗaki, na dawo na iske rabi. Wa yaɗ ɗauki rabin? A hiddo mini abina."

"Bakin tabki na zubar da shi, kihi sunka cinye. Ga alama kai kas sayi kihin."

"Wannan ba tumbi ba ne, arziki ne."

"Arzikin da ya hana ka ganin yatsun ƙahwarka? Duƙa ka gaishe ni in gani."

Ya duƙa. Wallahi sai da ya dafa ƙasa, ya kuma yi nishin da kazar da ke gefensa ta tsorata. Inde ta tafa hannu.

"Zulai, zo ki gani! Na aike shi da wuya, ya baro shi Kano."

Bai kula ta ba, kaina ya juyo. "Yaya, ku ji tsoron Allah. Hatsi ya ƙare cikin rumbu ne? Amana na bar muku."

"Tambaye ta, ga ta nan," na ce. "Bakinta dai bai rame ba."

Sai ya shiga jere kaya a kan tabarma kamar mai buɗe kanti: ƙaramin buhun sukari, madarar gwangwani jere guda, bido ɗaya, wato jarka, na mai, katan na lemun kwalba. Daga ƙarshe ya zaro wani ƙullin leda daga aljihu, ƙwayoyi ne ƙanana a ciki.

"Wannan kuwa mi ne ne?" in ji Inde.

"Sha-ka-hwashe. A tasha na saya. Mai shi ya rantse sati biyu za ki koma yadda kike."

"Kai ka hwara gwada shi a hanya ke nan."

"Ko ɗaya ban sha ba."

"To Allah ya tsare mu da ranar da za ka sha. Sai an rushe zaure."

Tana wannan magana, amma ni idona na kan hannunta. Na san Inde. Duk duniya babu abin da ke karya mata zuciya irin madarar gwangwani, a da da cokali take shan ta, ba ta jiran shayi. Ta ɗauki gwangwani ɗaya tana juya shi, tana shafa takardar jikinsa, har na ga maƙogwaronta ya motsa. Wahalar shekara biyu ce a zaune kan tabarmar nan, kuma kyautar jika ba abin da ake mayarwa ba ce.

"Zulai," ta ce a hankali, "ɗauke abin nan daga gabana."

"Kin gani!" Ɗan Azumi ya yi tsalle. "Tana so! Ku ne kuka hana ta!"

"Wa ya isa shi hana ni? Uwarka ma ni na yaye ta. Ni na hana kaina."

"Don mi?"

"Don majo Saratu, mai duba marasa lahiya can gidan likita, ta auna ni, tac ce tansiyo, hawan jinin nan, ta hau, kuma gwiwoyin nan kaya sunka yi musu yawa. Tac ce in sauke musu kaɗan-kaɗan."

"Sai kinka daina cin abinci."

"Na gwada wannan haukar da hwarko. Kwana ukku ina shan ruwan tsamiya kaɗai, ran na huɗu juwa ta kada ni bakin randa. Majo ta yi mini hwaɗa kamar ita ta haihe ni. Tac ce ci za ni yi, sau ukku ma, sai dai in canza kwano."

"Wane kwano?"

Na ɗauko masa su biyu ya gani: tsohon akushinta, wanda yanzu muke jiƙa dusar awaki a ciki, da ɗan kwanon da take cin tuwo yanzu.

"Wannan ai na mage ne!"

"Na mage ne, amma miya ta hi tuwon yawa. Ga zogale, ga wake, ga shu, kabejin nan, da tumatir daga garka. Kihi kuwa gasasshe, ba wanda ya yi iyo cikin mai ba."

"Zogale da ganye. Ashe akuya na aura."

"Akuyar da za ta riga ka hawa tudu."

"Hura hwa? Kar ki ce mini kin saki hura."

"Ni da hura sai kabari. Sukarin ne na kora. Da ludayi Zulai ka zuba mai a miya, yanzu da cokali. Lemun nan da ka kwaso kuwa, ruwan randa ya amshe mishi aiki."

"Shi ke nan? Ba boka, ba allura?"

"Sai ƙahwa. Kullum in na yi asuba, rana ta ɗan hito, in ɗauki sandata in tahi garkar kawunka bakin tabki in dawo. Ranar hwarko iyakata bakin masallaci, na zauna ina haki, Zulai taz zo ta kwashe ni da amalanke."

"Amalanken jaki ɗaya?"

"Biyu, marar kunya. Ka ji daɗi?"

Gaskiya jaki ɗaya ne, amma jakin bai sake yarda ya bi ta ƙofar gidanmu ba sai da aka yi sati.

"Wata guda ina kai wa rijiya, wata ukku ina kai wa tabki. Kilo goma sha huɗu na sauke, a shekara biyu, ba gudu ba gaggawa. Da layya, kilo ukku sunka lallaɓo sunka dawo, don na zauna kan tukunyar suya kamar ni kaɗai anka yanka wa rago. Ban yi kuka ba, na koma kan kwanona da sandata. Duk wata ina zuwa in hau sikeli, majo ta duba ni."

Ɗan Azumi ya kafa ido kan wuyan hannunta, inda awarwaron da a da ya nutse cikin nama yanzu yake yawo har gwiwar hannu. Sai ya matso ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Muryarsa ta canza.

"Inde, bar wasa. Ni ba yaro ba ne. In wani abu lokotoron asibiti ya gani, ku gaya mini. Kar ku ɓoye mini don ina nesa."

Inde ta dafa kansa.

"Ɗan Azumi."

"Na'am."

"Tun da kash shigo gidan nan ba ka tambayi gumbarka ba."

"Ba ni so."

"Kai da ka ce za ka zo da buhu?"

"Na ce ba ni so. A ba kaji."

Ya kau da kai yana murza ido, wai ƙurar hanya ce. Ni ma sai na ji hayaƙin murhu ya dame ni, alhali wutar ta daɗe da mutuwa. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Ƙato guda ya kwana a mota daga Kano da buhun sukari a cinya, yana zaton sallama ya zo yi.

Ana cikin haka ladan ya kira azahar. Inde ta ja buta ta yi alwala. Ɗan Azumi ya zabura ya nufi gindin rumbu, inda shuɗiyar kujerar nan take da faifan kuɓewa a kanta yana shan rana. Ya sauke faifan, ya goge ta da hannun rigarsa yana mita wai mun wulaƙanta kayan mutane, ya kawo ta inuwa ya daidaita ta gabas kamar yadda ya saba yi kafin ya tafi.

Inde ta zo ta wuce kujerar ko kallonta ba ta yi ba. A kusurwar gidan akwai wani ɗan fili da ta sa aka zuba mata farin yashi daga bakin tafki, ta ce ita ta gaji da darduma, ƙasa take marmari. Nan ta tsaya a kan ƙafafunta ta kabbara. Ta yi ruku'u. Ta sauka a hankali, gwiwa ɗaya sannan ɗayar, ta kai goshinta ƙasa. Da za ta tashi ta dafa cinya ta yi ɗan nishi, amma ta tashi, ba bango ba sanda. Raka'a huɗu ta yi, Ɗan Azumi na tsaye riƙe da bayan kujera, bai motsa ba har ta sallame.

Ta dawo tana jan carbi, yashi fari a goshinta.

"Mi kake kallo? Ba ka taɓa ganin budurwa na salla ba?"

"Tun yaushe?" ya ce.

"Tun watan azumin bana. Ranar da na hwara, na daɗe ban ɗago ba har Zulai ta zaci na tahi, ta soma neman turmin daka gumba."

"Ƙarya take mini," na ce. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.

Inde ta tura masa kujerar da ƙafa. "Ungo kayanka, na gode, ta yi mini rana. Ka adana ta da kyau. Yadda na ga cikin nan, badi kai za ka hau ta."

"Ni? Ni da ka yini kan moto?"

"Moto ka tahiya, kai zama kake. Taɓa yatsun ƙahwarka in ba ka akuya."

Ya gwada. Hannunsa ya tsaya a gwiwa ya ƙi gaba. Ya sake gwadawa, wandonsa ya yi wata ƙara da ba zan faɗa ba. Dariya ta ƙwace masa, ya zube kan kujerar, ita ma kujerar ta yi kuka ta baje ƙafafu.

"Na bi, tsohuwa, na bi. To kayan nan hwa?"

"Safiya maƙwabciyarmu na da suna jibi, a kai mata sukari da lemu, jama'a su raba kaɗan-kaɗan. Mai kuma Zulai ta riƙe, cokalinta ya san aikinshi. Ƙwayoyin nan a zuba su masai, kar kaza ta tsinta ta zama jimina." Sai ta miƙa hannu ta janye gwangwani ɗaya ta tura ƙarƙashin zanenta. "Wannan na mijina ne, ba ni mayar da shi. Cokali guda ran Juma'a."

"Zan riƙa ƙirgawa," na ce.

"Ke dai Allah ya shirye ki."

"Gobe yaushe kike hita?" in ji Ɗan Azumi.

"Rana na hitowa. In ka gaji a hanya ka zauna bakin masallaci, in aiko maka amalanke. Jaki biyu."

Ya girgiza kai, ya dube ta daga sama har ƙasa, sai na ga tsohuwar fuskarsa ta dawo, ta shaƙiyanci.

"Tsohuwa, ke dai ba ki da niyyar mutuwa. Yaushe za mu sha gumbar nan ne?"

Inde ta lumshe ido kamar wadda aka ba ta kyautar zane.

"Yanzu mijina yad dawo. Ka jira, gumbar ta yi nisa. Kuma na bar wa Zulai wasiyya, in ranar taz zo, taka ba sukari."

Ya yi dariya har hawayen da ya ɓoye ɗazu suka samu hanya. Ya miƙa hannu zai share mata yashin da ke goshinta, ta buge hannun.

"Bar mini abina. Shekara biyu na yi ina tahiya kahin in same shi."