Tayoyina Ba Sa Sacewa

Ko da tsufa zai sa in manta sunan unguwarmu, ba zan taɓa mantawa da Lahadin da aka damƙa mini amanar kai Baffa Idi da goron neman auren ƙanena Djougou ba. Shekara ta zagayo, amma har yau idan aka ambaci taya a cikin taro, sai in fara laluben takalmana.

Bari in faɗa muku ko ni wane ne a lokacin. Atamfa nake sayarwa a Parakou, gidana yana unguwar Albarika, kuma kaf zuri'armu babu wanda ya taɓa koyon kanikanci. Amma tun ranar da na sayo wata tsohuwar mota 'yar Turai daga Cotonou, irin mai nuna iskar kowace taya a kan tablo, wato allon gaban direba, sai na wayi gari malamin mota. Na ƙara da sayen wata 'yar na'ura da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da waya ta faɗi ciwon mota. Kanikawanmu suna kiran babbar tasu baliz, ni ma na sa wa tawa baliz (kuɗinta bai kai na buhun gawayi ba, amma in kun ga yadda nake riƙe ta, sai ku rantse daga asibiti na aro ta). Babu motar da ta tsira a masallacinmu. Mutum zai fito daga sallah yana sauri, ya tarar da ni tsugune a gaban motarsa ina duba masa lafiyar da bai tambaya ba. Aka laƙaba mini Injiniya, ni kuwa na ɗauka yabo ne, har ina amsawa da "na'am".

Wata uku kafin wannan Lahadi, na je wurin wani mai faci a Tourou na sayi janti huɗu masu sheƙi, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, da tayoyin gwanjo 'yan Turai. Ni na zaɓe su da hannuna, saboda zanensu da zurfi, robarsu kuma da laushi. Ya gama ɗaurawa, na tada mota, sai ga wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a tablo.

"Patron," in ji mai facin, "kapter ɗinka suna jikin tsofaffin janti. Su ne 'yan abubuwan da ke auna iska su aika wa tablo. Waɗannan sababbin ba su da mazauninsu, sai dai a..."

"Malam, ni za ka koya wa kapter?" na katse shi. "Kashe mini fitilar nan kawai. Zan je in yi azahar in dawo."

"Akwai dabara, amma ya kamata ka san cewa..."

"Na sani."

Wallahi ban sani ba. Na dawo na tarar fitila ta mutu, tablo yana nuna kilo biyu da uku a kowace taya, huɗun duka. Na ja motata na tafi ina fito.

Sati ya wuce, kilo biyu da uku. Wata ya wuce, kilo biyu da uku. Da sanyin safiya, da tsakar rana, bayan na faɗa rami, lambar nan ba ta motsa ba. Mai hankali zai tsaya ya tambayi kansa. Ni sai na buɗe makaranta. Kullum ina tura saƙon murya mai minti bakwai a gurup ɗin dangi: kada ku sayi sabuwar taya, gwanjon Turai ta fi ƙarko, kada ku yarda mai faci ya buga taya da guduma ya ce muku ta yi, zamanin jahiliyya ya wuce, ku yarda da na'ura, na'ura ba ta da son zuciya. Nakan rufe da hoton tablo da kalma uku: tayoyina ba sa sacewa. (Eh, kalma huɗu ce. Har a ƙirga ma haka nake.)

To, ga maganar ƙanena Nasiru. Yarinyar da yake so 'yar Djougou ce, daga gidan da kakanninsu fataken goro ne. Kakanta, wani dattijo da kowa ke ce wa Alhaji Babba, yana da ƙa'ida: maganar aure a zaurensa tsakanin azahar da la'asar ake yin ta, da an kira la'asar ya tashi, shi ke nan. Mun riga mun ɗage zuwa sau ɗaya saboda rasuwa, kuma ya aiko cewa in muka sake saɓawa zai ɗauka wasa muke yi, ga wasu manema suna jira. Nasiru ya kwana biyu ba ya iya cin abinci. Sauran dattawanmu suka bi motar haya tun da safe. Baffa Idi, ƙanen mahaifinmu, shi ne waliyyi, shi kaɗai zai yi magana, kuma shi ya zaɓi goron ɗaya bayan ɗaya, don gidan da za mu je da ido kawai suke gane goron da ya kwana a rana. Na ce Baffa ba zai shiga motar haya ba alhali ina raye, a bar mini shi da goron.

"Yaya, ka duba motar dai ko?" Nasiru ya tambaye ni.

Na nuna masa wayata. "Karanta. Aucun défaut, wato babu matsala ko ɗaya. Kwantar da hankalinka, ango."

But ɗin mota ya cika da huhun goro da alawa da turamen atamfa, wuri ya ƙi isa. Sai na ciro jak na jingine shi a bangon gida. Ina amfanin jak ga mutumin da tayoyinsa ba sa sacewa? Muka tashi da hantsi, Baffa a gaba cikin babbar rigarsa ta shadda mai ruwan ƙasa, carbi a hannu.

Mun wuce Tourou da kaɗan Baffa ya gyara zama.

"Kai, motar nan ta karkata ta wajena."

"Baffa, hanya ce haka. Ku dubi tablo, kilo biyu da uku."

Ya dubi tablo, ya dube ni, ya ci gaba da jan carbi. Muka ƙara tafiya, rana ta take, kwalta ta fara tururi. Sitiyari ya soma ja dama, na ce iska ce. Wani mai babur na haya, irin waɗanda muke kira zem, ya biyo mu yana oda yana nuna bayan motar da yatsa. Na ɗaga masa hannu na yi murmushi.

"Janti yake yabawa," na ce wa Baffa. "Ko'ina na bi haka suke yi."

"Ni dai a shekaruna ban taɓa ganin ana yabo da salati ba," in ji Baffa. "Ɗan nan, tsaya ka sauka ka duba."

Na tsaya, ba zan yi ƙarya ba. Amma ban sauka ba. Na sunkuya na soka baliz, na jira waya ta gama juye-juyenta, na miƙa wa Baffa a gaban hancinsa. Na yi masa bayanin igiyar rediyo da batirin kapter, har da zana masa da yatsa a kan gilashi. Mutumin da ya yi shekara talatin yana bin manyan motoci zuwa Malanville da kaya, shi nake koya wa taya. Na tada mota muka ci gaba.

Saura kaɗan mu shiga Djougou, mun riga mun ji kiran azahar a wani ƙauye, sai muka ji fam! Motar ta yi wata rawa, huhun goro ya daki kujera, Baffa ya yi kalmar shahada da ƙarfi. Da ƙyar na gangara gefe. Na fito na zagaya. Tayar baya ta dama ta tashi daga taya ta koma tsumma, wayoyinta a waje, wari ya cika wurin, guntayenta a zube a kan kwalta har inda ido ya kai. Baffa ya leƙa ta taga ya kalli tablo.

"Injiniya, zo ka gani. Har yanzu kilo biyu da uku."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Mai zem ɗin nan da na yi wa murmushi shi ya tsaya mana, wani magidanci ɗan Bariénou. Ya ce tun can baya yake ganin tayar tana tafiya a kan haƙarƙarinta. Ya ce a fito da jak. Na ce jak yana Albarika. Ya kalli Baffa, Baffa ya kalli sama. Bawan Allah ya juya babur ya je ya ɗauko wani tsohon mai faci daga bakin gari, da jak ɗinsa da ƙarafunansa. Ana cikin haka wayata tana ta ruri, Nasiru ne. Dattawa suna zaure tun ɗazu, babu goro, babu waliyyi, an ba su ruwa har sau biyu.

"Minti goma," na ce masa. "Ƙaramin abu ne."

Kuma da gaske minti goma ne ya rage mana, don safaya, tayar ajiya da ke but, lafiyarta lau, cike take da iska. Muka sauke kaya, tsohon ya ciro ta ya gara ta a ƙasa. Sai muka ji wani abu yana ƙwal-ƙwal a cikinta. Ya sake garawa, ya kasa kunne, ya fashe da dariya.

"Maigida, ai ga kapter ɗinka nan, huɗun duka. A cikin safaya aka zuba su don fitila ta mutu. Iskar wannan suke aunawa."

A nan ne fa Allah ya ba ni dama ta ƙarshe in yi shiru a ɗaura taya mu tafi. Mutane sun fara taruwa, mata masu ɗauke da itace sun tsaya, ga Baffa yana kallona. Sai na ji bakina yana cewa:

"Ƙarya ne. Ba a yin haka. Tsakuwa ce."

"To, tsakuwa ce," in ji tsohon. "Bari in ɗaura."

"A'a, ai ka faɗa a gaban jama'a. Buɗe mu gani!"

"Kai yaro..." Baffa ya fara.

"Baffa, ku bari in nuna masa. Buɗe!"

Tsohon ya ɗaga kafaɗa, ya kwance bakin iska. Ina tsaye, hannu a ƙugu, ina sauraron iskar taya ɗaya tilo mai lafiya da ta rage mana tana fita, fiii, har ta ƙare. Ya sa ƙarfe ya ɓamɓare roba daga janti, ya zura hannu, ya ciro wani ƙunshin tsumma da aka naɗe da salatif. Ya warware a kan bonet. Kapter huɗu, reras. A daidai lokacin fitilar nan ruwan ɗorawa ta kama a tablo, karo na farko cikin wata uku.

Wata mata ta ajiye itacenta don ta ji daɗin dariya. Tsohon bai ƙyale ni ba, ya tsuguna gaban tayar gaba ya nuna mini wani ɗan zane a gefenta.

"Ka ga wannan alama? Tayar ƙanƙara ce, ta lokacin sanyin Turai. Ita ka hau da ita kwaltar Djougou da rana tsaka. Ga kuma shekarar da aka yi ta, ta girmi wasu masu aure. Wa ya zaɓa maka?"

Na ce wani abokina ne.

"To a hura safayar mana," in ji Baffa.

"Injin iska yana shago, Baba. Kafin in je in dawo in ɗaura, an yi la'asar."

Sai a lokacin na daina tunanin kaina, na tuna fuskar Nasiru da safe. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske, cewa saboda taurin kaina yaron nan zai rasa yarinyar da ya yi shekara biyu yana nema. Baffa bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya tattare babbar rigarsa ya saɓa a kafaɗa, ya ce a ɗora masa huhun goro a cinya, ya hau bayan zem. Dattijo mai shekara saba'in, waliyyin ango, hula a karkace, ya rungume goro kamar jariri.

"Baffa, ni fa?"

"Kai zauna ka yi gadin na'ura."

Na zauna a bakin hanya da turame da alawa. Na ji kiran la'asar daga nesa. Na kira Nasiru bai ɗauka ba, na kira Baffa waya a kashe. Har aka hura safaya aka ɗaura, ban san ko an ba mu ko an kore mu ba, kuma ban da fuskar da zan shiga zauren nan da ita. Na ƙarasa cikin Djougou, na faka a bayan masallacin unguwarsu na jira.

Can sai ga Baffa ya fito, ya buɗe ƙofa, ya zauna, ya ɗau lokaci yana kakkaɓe rigarsa.

"Ina sauka daga babur ladan yana gyara murya," ya ce. "Alhaji Babba ya riga ya sa takalmi ɗaya. Ya tambayi abin da ya sa waliyyi ya zo a zem, na ba shi labari tun daga jak. Ya yi dariya har sai da aka ba shi ruwa. Ya duba goro ya yaba. An ba mu."

"Alhamdu lillahi!" Har hawaye sai da na yi.

"Da sharaɗi ɗaya. Ya ce ranar ɗaukar amarya, kada jikarsa ta shiga motar da ka taɓa, ko da duba lafiya ne."

Darasin da na samu ba shi da tsawo. Tablo bai taɓa yi mini ƙarya ba. Wata uku yana ba ni labarin tayar da ke kwance a but ba ta taɓa taka ƙasa ba, ni kuma ina ɗauka ina raba wa jama'a da murya mai ƙarfi. Yanzu idan babba ya ce mota ta karkata, ko a tsakiyar kasuwa ne sai na sauka na duba da idona. Ranar ɗaukar amarya kuwa, motocin dangi duka sun tafi Djougou suna oda, ni aka bar ni a Albarika ina jera kujeru.