Ranar da Na Gano Shinkafa a Fuskar Rana

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Alhamis a lokacin kullen korona, ina ɗakina a unguwar Bukit Jalil ta ƙasar Malaysia, wata takwas da fara digiri na biyu, ba ni da abin nunawa sai ƙiba.

Bincikena a kan iskar rana ne. Rana tana feso wani tururi mai tsananin zafi da ake kira plasma, wani da gudu, wani a hankali. Masana na zargin mai nawar daga gefen wuraren da ke tafasa a fuskar rana take fitowa. A hotunan da muke dubawa, abin da ke tasowa wajenmu shuɗi ne. Aikina ke nan, neman shuɗi. Farfesar da ke duba aikina, wata dattijuwa 'yar Malaysia mai haƙuri, ta ce in ban kawo komai ba ranar Alhamis, sai dai in canza batu. Ni kuwa ina son batun nan kamar me.

Ana saura kwana uku sai na gan shi: ɗan shuɗi dishi-dishi a gefen hagu, daidai inda littafi ya ce. Na buɗe hoto na gaba, yana nan. Na gaba, yana nan daram. (Mai hankali zai auna da lissafi. Ni tashi na yi na taka rawa.) Har na tura wa Babana a Kano hanyar shiga taron da za mu yi da Farfesa ranar Alhamis ɗin, don ya ga inda wahalarsa take tafiya.

Ƙarfe uku na rana aka haɗu ta intanet. Na sa babbar riga a sama, gajeren wando a ƙasa, na ɗora hoton kowa ya gani. Na yi ta zagaya wurin da kibiya ina zuba Turanci.

Farfesa ta matso da fuskarta. "Where, lah? Ban ga komai ba."

"Ga shi nan, Prof, very clear!"

Sai ga muryar Baba, wanda bai san ana kashe makirfo ba: "Ni ma fa ban gani ba. Na zaci tabarauna ne."

Farfesa ta ce in ja hoton zuwa dama. Na ja. Rana ta tafi, shuɗina ya tsaya inda yake. Na sa farce na kankara, ya fita.

Jama'a, nasi kerabu ce, shinkafar nan shuɗiya da nake yin tapau ɗinta, wato in sayo a ƙunshe, kullum daga shagon ƙasan benenmu. Da hannu nake ci a gaban kwamfuta, kuma ina da halin dangwala yatsa a gilashinta in ina nazari. Na faɗi gaskiya, don babu wata ƙaryar da za ta rufe wannan. Farfesa ta yi dariya har ta cire tabarau tana share hawaye. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, daga hawa na goma sha huɗu.

Da ta nutsu ta ce, tunda aƙalla na san inda ya kamata shuɗin ya kasance, ta ƙara mini wata guda, amma in kawo lambobi, ban da abinci. A watan ne na samo na gaske, ɗan ƙarami, a ɗaya gefen. Na ji daɗinsa ƙwarai, ko da yake bai kai na shinkafar kyau ba.

Baba ya kira bayan taron. Na shirya shan faɗa, sai ya ce, "To, alhamdulillahi, dama mahaifiyarka na ta damuwa ko kana cin abinci."

Tun daga nan, duk ranar da na ga abin da duniya ba ta gani ba, kafin in kira kowa sai na fara wanke hannu.